Gargaɗi ga masu odar ƙananan motocin tsere: a kula da damfarar "shokazoba na musamman"

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Abin da ya sami ƙanena ne ya sa na rubuto, don kada wani ya faɗa ramin da ya faɗa.

Yaron ya daɗe yana mafarkin Mazda MX-5, wannan 'yar ƙaramar motar mai kujeru biyu da ake buɗe rufinta, wadda ake ƙerawa a Hiroshima ta Japan tun 1989. Sai ya haɗu da wani dillali a Instagram da ke cewa yana kawo motoci daga gwanjon Amurka ta Kwatano. Suka daidaita a kan samfurin 2016, mai giya atomatik. Bayan an ba da kafin alƙalami, sai mutumin ya kira shi: "Yallaɓai, ƙafa iri biyu ce. Akwai shokazoba na gama-gari, akwai Bilstein na Jamus. Wanne za a sa maka? Manyan yara Bilstein suke ɗauka." Ya ɗora masa dala ɗari takwas a kai. Ƙanena ya biya ba tare da ya shawarci kowa ba, ni kaina sai daga baya na ji.

To ga inda ƙaryar take. Zaɓin ƙafa gaskiya ne, amma ga wanda ya sayi sabuwa dal daga kamfani. Motar gwanjo kuwa yadda ta fito daga masana'anta, ko yadda mai ita na baya ya bar ta, haka za ta zo maka. Babu wani "za a sa maka". Sannan a Amurka, a samfurin wannan shekarar, Bilstein na zuwa ne a ajin da ake kira Club, kuma sai mai giyar hannu. Mai atomatik ba ta da shi ko da Club ce. Da ƙanena ya san wannan kaɗai, da maganar ta mutu tun a waya.

Mota ta iso bayan wata huɗu. Aka leƙa ƙarƙashi, ga shokazoba ruwan ɗorawa, irin launin Bilstein. Murna ta kama shi. Sati biyu kacal, ƙafar baya ta fara ƙwanƙwasa duk ramin da aka shiga. Bakanikenmu ya ɗaga motar, ya sa farce ya kankare, fenti ya ɓare, baƙin ƙarfe ya bayyana. Ba tambari, ba lambar kaya, ɗaya ma yana yoyon mai. Tsofaffi ne aka fesa musu fenti. Ya dubi ƙanena ya ce, "Alhaji ƙarami, fenti ka saya."

Dillalin ya fara da cewa laifin mutanensa na can ne, ya koma cewa titunanmu ne suka kashe su, daga nan ya toshe lambar. Har yanzu shafinsa na nan yana talla, ya sauya suna kawai.

Abin haushin ma, ko da na gaskiyar ne aka sa, ban ga amfaninsa ga ƙanena ba. Ƙafar motocin tsere irin ta Bilstein ta fi tauri, an yi ta ne don shan kwana da gudu a kan kwalta sumul marar gargada. Motar da tsakaninta da ƙasa bai kai santimita 15 ba, a unguwar da kowane layi akwai tudun rage gudu, taurin nan a ƙugunka zai ƙare.

Duk mai shirin oda, kafin ka tura ko sisi ka karɓi lambar shasi, wato VIN, mai haruffa da lambobi 17. Ta wannan motar da JM1 take farawa. Da ita za ka binciko ajin motar, da irin giyarta, da hotunan ranar gwanjo. Ka nemi bidiyon ƙarƙashin motar da ke nuna tambarin da ke jikin shokazoba, ba launi kawai ba. Duk abin da aka yi maka alkawari a rubuta shi a takarda da shaidu, kuma kada ka cika kuɗi sai bakanikenka ya gani da idonsa.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda da rasit da saƙonnin murya. Wanda aka yi wa irin wannan tayin na "ƙafa iri biyu" ya yi mini magana ta akwatin saƙo, muna tattara shaidu.