Rami ko Belot: Wanne Za Mu Buga?

Abokai sun dame ni da tambayar wanne ya fi daɗi cikin wasannin kartan nan biyu. To, kuɗinsu ɗaya, kwalin karta guda ya wadatar.

Rami ba ya wahalar koyo: ka ja kati, ka yar da ɗaya, kana haɗa uku masu lamba ɗaya ko masu bin juna. Ko mutum biyu sun isa.

Belot kuwa, wasan Faransa, an fi buga shi mutum huɗu, biyu-biyu, da kati 32 kacal. Lissafinsa na rikita sabon shiga: J na launin da aka zaɓa maki 20 ne, katin tara kuma 14. Abokinka ya yi kuskure, tare za ku faɗi, sai musu! Amma ba ya gundura.

Masu hira da baƙi, Rami. Majalisar da ba ta canzawa, Belot.