Jan layi tun kankare yana ɗanye, ko yanka da girinda?

Ɗan'uwa, ka ce za ka zuba kankare daga bakin get zuwa ƙofar ɗaki, faɗin ƙafa 4, kana tambaya: a ja layukan tun yana ɗanye, ko a bari ya kama a yanka da girinda, wato injin yanka mai faifai?

Layin nan ba ado ba ne. Kankare yana tsukewa in yana bushewa, ko ka so ko ka ƙi sai ya tsage. Layin ne ke nuna masa inda zai tsage. Don haka kowacce ka ɗauka, zurfin ya kai rubu'in kaurin: kauri inci 4, layi inci 1. Tazara kuma a faɗi irin naka, duk ƙafa 4 zuwa 5.

Jan ɗanye ba ya son wuta, ba ya son janareto. Jira ruwan da ya taso sama ya janye, ka shimfiɗa katako miƙaƙƙe, ka fara ratsawa da bakin cokalin magina don tsakuwa ta kauce, sannan ka bi da ƙarfen jan layi a jikin katakon. Bakin layin yakan fito a daddale, ba ya ɓarewa. Aibinsa hannu ne: katako ya motsa, layi ya karkace, kuma haka za ka riƙa ganinsa shekara da shekaru. Wasu magina ƙusa kawai suke ja a sama su ce sun gama. Wannan zane ne, tsaga ba ta san da shi ba.

Girinda kuwa, in an buga igiya da garin alli, layinta siriri ne ɗoɗar. Amma lokaci take so, galibi tsakanin awa 6 zuwa 18 bayan zubi. Ka yi gaggawa, faifan ya fizge tsakuwa, baki ya yi kaca-kaca. Ka makara, kankaren ya riga ya zaɓi hanyarsa. Da zafin bazara, abin da aka zuba da safe kada ya kwana ba a gwada yanka shi ba. Ga ƙura mai cutar huhu, sai da takunkumi.

Ni a 'yar hanya irin taka, jan ɗanye zan yi. Girinda a bar wa fili mai faɗi, inda katako ba zai kai tsallake ba. Sai dai kafin a fara kwaɓi, ɗaga katakon ka kashe ido ɗaya ka duba gefensa. In ya yi doro, a sauya wani.