Kujerar mota, ɗamarar CARES ko matashin hurawa: wanne ke sa yaro barci a jirgi?

Da zarar yaro ya fara tafiya da ƙafarsa, ya fi ƙarfin ɗan gadon nan da ake maƙalawa a bangon jirgi, don yawancinsu ba sa ɗaukar fiye da kilo 11. Idan ya cika shekara 2 kuma, dole a saya masa kujerarsa. Sai tambaya ta zama: me za a ɗora a kanta ya samu barci a tafiyar awa 10 ko 12?

Ni dai kujerar motarsa nake ɗauka, kuma ba na jin zan canza. Ya saba da ita, ya san inda yake jingina kai, ya sha yin barci a cikinta. Ana rage fitilun jirgi, na lulluɓe shi da bargonsa, kafin a kwashe kwanukan abinci ya yi nisa. Bel ɗin jirgi da yatsa ɗaya yaro ke ɓalle shi ya sulale ƙasa. Na kujerar mota kuwa ya gagare shi. Kafin ku saya, ku duba jikinta ko akwai rubutun da ya ce an amince a yi amfani da ita a mota da jirgi. Faɗinta kada ya wuce kamar santimita 40, kuma ku nemi wurin taga, don ba a yarda ta tare wa kowa hanyar fita ba. Tana da nauyi, gaskiya, amma ina ɗaure ta a kan akwati mai taya in ja.

Matashin da ake hurawa a cike gurbin ƙafa, da akwatin da ke zama gado, ba na ɓata kuɗi a kansu: wasu kamfanonin jirgi sun hana su gaba ɗaya.

CARES ɗamara ce mara nauyi da FAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, ta amince da ita ga yaro mai kilo 10 zuwa 20. Tana tsare shi, amma a zaune yake barci, kai na rinjaya gaba. A nan ne aka cuce ni. Na saye ta a intanet da araha, hoton sak na gaskiya. Sai da muka zauna ma'aikaciyar jirgi ta juya ta, ta nemi tambarin amincewa ta rasa, ta ce ba za a ɗaura ba. Da na duba da kyau, ɗinkin ya fara warwarewa tun ba a yi amfani da ita ba. Har yau raina na ɓaci idan na tuna abin da na so in ɗaure ɗana da shi. Ita kanta FAA ta yi gargaɗi kan jabun. Ta gaskiya kamfanin AmSafe ke yin ta, kuma akwai tambarin FAA a jikinta. Wanda ya ƙi nuna muku hoton tambarin kafin ku biya, ku bar masa kayansa.

Haka alewar melatonin, wato sinadarin da ke taimaka wa jiki yin barci, da ake tallatawa don gyara barcin yara. Wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2023 ya gwada iri 25, ya tarar 22 ba su ƙunshi adadin da aka rubuta ba, wani ma ya ninka fiye da sau uku. Kada ku ba yaro sai da izinin likita. Maganin mura mai sa barci kuwa, wani yaron rikita shi yake yi ya kwana tsalle.

Bambancin lokaci tsakanin garinku da inda za ku je babu abin saye da ke gyara shi. Jiki kan ɗauki kusan kwana ɗaya a kan kowace awa ta bambanci, kuma tafiya gabas ta fi wuya. Idan kun sauka ku fitar da shi cikin hasken rana, barcin yamma kada ya wuce awa 2, a kwantar da shi da agogon garin da kuka isa.