Gargaɗi Ga Maharba: Ku Kula Da Mai Tallar Madubin Hangen Nesa "Na Sojoji" A Facebook

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan ne saboda mafarautanmu na Kano da Jigawa, musamman dattawa masu kwari da baka waɗanda 'ya'yansu ke riƙe musu waya. Abin da ya same mu a ƙauyenmu, can yankin Birnin Kudu, ta hannuna ya biyo, kuma ba na so ya sake samun gidan kowa.

Baffana maharbi ne tun kafin a haife ni. Shekaru sun fara taɓa idonsa, har ya kan ce da asuba ba ya iya bambance makwarwa da hoge sai ta tashi. Bayan kaka, ana shirin fita farautar rani, na ci karo da bidiyon wani mutum a Facebook yana tallar madubin hangen nesa. Jikin madubin kalar kakin soja, gilashin gabansa ja wur, an rubuta 80x80 da manyan lambobi. Mutumin ya ce daga hannun sojojin da ke atisaye a dajin Falgore kayan suka fito, ana hango mutum da shi daga kilomita 10, kuma yana gani cikin dare kamar rana. Na nuna wa Baffa, Baffa ya nuna wa Sarkin Bakan garinmu, aka ce a sayo uku don masu sintirin dare su ma su amfana. Kowanne naira 35,000. Baffa akuyarsa ya kai kasuwa ya haɗa nasa kuɗin.

Mutumin ya iya baki. "Ranka ya daɗe" ba ta barin bakinsa, ga rantsuwa, ga "saura huɗu kacal suka rage, gobe kuɗin zai tashi." Ya ce a tura duka, zai ba direba saƙon a tasha. Da na je wurin mai POS, sunan da ya fito a asusun daban yake da na shafin. Na kira mai tallar, ya ce na ƙaninsa ne. A nan ya kamata in tsaya, ban tsaya ba. Cinikin biri a sama muka yi.

Bayan kwana shida biyu suka iso cikin kwali, na ukun wai yana hanya. Washegari da muka idar da sallar asuba muka fita bakin fadama. Baffa ya kafa madubin a ido, ya daɗe yana murza shi, sannan ya sauke ya ce, "Ɗana, tsamiyar can yaushe ta zama biyu?" Na karɓa na duba. Tsamiya ɗaya ce muka sani tun muna yara, amma ga ta biyu, ɗaya ta ɗan hau kan ɗaya, komai ya koma shuɗi-shuɗi kuma ya fi duhu a kan yadda ido ke gani. Kafin hantsi Baffa na ta hawaye da ciwon kai. Da dare kuwa, baƙi ƙirin. Na biyun bai yi mako ba ƙurar hunturu ta shige cikinsa, inda ba hannun da zai kai ya goge. Da na yi magana, sai aka toshe lambata.

Daga baya wani malamin kimiyya na sakandare, mai sha'awar kallon tsuntsaye a dausayin Baturiya, ya zaunar da ni ya fahimtar da ni abin da lambobin nan ke nufi, kuma wannan ne abin da na fi so ku riƙe. Lambar farko ita ce yawan ninkin da madubi ke kusanto da abu. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita. Wato 8x42 na nufin abin da ke nisan taku 80 zai zo maka kamar yana taku 10, gilashin kuma faɗinsa milimita 42. To mai 80x80 sai gilashinsa ya kai santimita 8. Muka aro tef ɗin tela muka auna namu: santimita 3 da ɗan ɗoriya. Sauran duk robar da aka kewaye shi da ita ce don ya cika ido. Ninkin ma mun gwada a jikin katangar bulo, ido ɗaya a madubi, ɗaya a buɗe, muka ƙirga bulo nawa bulo ɗaya ya rufe. Bai wuce 8 ba.

Ko da a ce da gaske 80 ɗin ne, ba zai yi wa maharbi amfani ba. Madubin da ya haura ninki 10 ko 12, hannun mutum ba ya iya riƙe shi ba tare da hoton na rawa ba, sai an ɗora shi a kan ƙafa uku. Kuma iya ƙaruwar ninki, iya ƙuntatar filin da kake gani. Sannan akwai lissafin haske: ka raba lamba ta biyu da ta farko, abin da ya fito shi ne faɗin hasken da ke shiga idonka. A 8x42 ya ɗan haura milimita 5, a 10x42 milimita 4.2, a 80x80 kuwa milimita 1 tak, kamar ƙofar allura. Ƙwayar idon mutum tana buɗewa zuwa milimita 5 har 7 idan gari ya yi duhu, kuma lokacin maharbi ke nan, sanyin asuba da gab da magariba. Ashe ko a bisa maganar mai tallar, kayansa ba na farauta ba ne.

Ku duba sana'ar kanta. Mai baka ba ya sakin kibiya sai ya lallaɓa ya kusanci nama taku 20 ko 30. Me zai yi da kilomita 10? Buƙatarsa ya tsaya a inuwa ya tantance kunnen zomo a cikin sabara, ko ya tabbatar abin da ke motsi a ciyawa gada ce ba akuyar Fulani ko yaro mai itace ba. Wannan aikin 8x42 ne, ko 8x32 ga mai son mara nauyi da ba zai riƙa dukan tsarkiya a ƙirji ba. Kamfanonin da aka sani irin su Nikon da Bushnell irin waɗannan lambobi suke rubutawa a madubin hannu. Amma suna kaɗai kada ya ruɗe ku, masu jabu ma sun iya manna suna.

Maganar gani da dare ƙarya ce tsagwaronta. Madubin gilashi zalla hasken da ke akwai kawai yake tarawa. Na'urar ganin dare ta gaskiya da batir take aiki. Jan fentin nan kuwa haske yake ragewa.

In za ku saya, ku riƙe shi a hannu tukuna. Ku miƙa hannu da shi ta wajen haske (ba rana ba, kallon rana da madubi na iya makanta mutum), ku dubi ɗigon hasken da ke cikin gilashin da ake kafa ido a kai: mai kyau zagayayye ne tas, ba mai kusurwa ba. Ku kalli wayar lantarki ko bakin rufin kwano, layin ya zama ɗaya a idanu biyu. Ku girgiza shi a kunne, kada ku ji wani abu na motsi. Ku tambaya ko a rufe yake ruf yadda ruwa da ƙura ba sa shiga. Tsohon madubi na gwanjo da ya ci waɗannan gwaje-gwaje ya fi sabon kwali nesa ba kusa ba. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, ya adana rasit da hirar, ya garzaya bankinsa da ofishin 'yan sanda da wuri, kamar yadda muka yi.

Makon jiya na sake ganin bidiyon, muryar nan dai da jan gilashin nan, amma a sabon shafi da sabon suna, yanzu an rubuta 90x90 kuma an ƙara cewa akwai ragi ga ƙungiyoyin mafarauta da 'yan sintiri. Mutane na ta ajiye lambobinsu a ƙasa. Don Allah wanda ya karanta wannan ya karanta wa dattawan majalisarsu kafin ranar kasuwa ta zagayo.