Ajin Triniti na yammacin Laraba a cocinmu: na je, ga abin da na gani

Tun da aka rufe ajin nan mutane ke tare ni bayan Mas, wato sujadarmu ta Katolika, suna tambaya, wai ya kai mutum ya rufe shago da wuri saboda shi? To bari in amsa sau ɗaya kowa ya huta. Aji ne na manya, sati shida, kowace Laraba daga ƙarfe 5 zuwa 6:30 na yamma, kuma magana ɗaya tak aka ɗauka, wato Triniti, Allah ɗaya cikin uku. Shiga kyauta ne, sai dai kuɗin takardun da ake rabawa naira 1,500. Na je sau biyar, ɗayan ruwan sama ne ya tsare ni a kasuwa.

Ni tela ne, kuma cikin Katolika aka haife ni, tun ban san hannun dama da na hagu ba Mama ke kama hannuna tana kai shi goshi da ƙirji da kafaɗu, da sunan Uba da na Ɗa da na Ruhu Mai Tsarki. Shekara arba'in da wani abu ina yi kullum. Amma ran nan maƙwabcina a kasuwa, Musulmi ne mai sai da yadi, mutumin kirki wanda ko sallah ya tafi ni ke duba masa shago, ya ce min cikin raha, maƙwabci don Allah ku Allah nawa ne a wajenku, ɗaya ko uku? Na ce ɗaya mana. Ya ce to ukun fa? Sai na jawo masa misalin da muka saba tun muna yara, ruwa da ƙanƙara da tururi. Ya yi dariya ya ce ai in ruwan kofi ya zama ƙanƙara babu sauran ruwa a kofin, ke nan in Allah ya zama Ɗa babu Uba? Na buɗe baki na rufe, na koma kan keke ina ta faman taka shi ba don ina da ɗinkin gaggawa ba. Wannan kunyar ce ta kai ni ajin, ba wai tsabar son karatu ba.

Sati na farko shi ne ya fi burge ni duk cikin shidan. Baba Katikis, mai koyar da addini a cocinmu, shi ne ya ɗauka, dattijo ne da bai da sauri a komai, ya shigo ko littafi bai buɗe ba ya ce kowa ya faɗi misalin da yake ba yaransa a gida. Aka yi ta kawowa. Wata mama daga Zumuntar Mata ta ce duwatsun murhu, uku ne amma tukunya ɗaya suke ɗauka. Baba ya ce Mama, in na ɗauke dutse ɗaya na ajiye a gefe, shi kaɗai murhu ne? Ta ce a'a. Ya ce to nan misalinki ya karye, don Uba ba kashi ɗaya cikin uku na Allah ba ne, cikakken Allah ne, haka Ɗa, haka Ruhu. Wani ya ce mutum ɗaya yakan zama uba ga 'ya'yansa, miji ga matarsa, ɗa ga iyayensa. Baba ya ce wannan ai sauya riga ne kawai, kuma tun ƙarni na uku wani mai suna Sabeliyus ya koyar da irin haka a Rum, Ikilisiya ta ƙi. Ya sa aka karanta Markus 1:9-11, baftismar Yesu a Kogin Urdun, ya ce ku duba da kyau, Ɗa na cikin ruwa, Ruhu na saukowa kamar kurciya, murya na zuwa daga sama, duk a lokaci guda, mai sauya riga ba ya iya tsayuwa wuri uku yana magana da kansa. Nawa misalin na ruwa da ƙanƙara kuwa cikin wannan kwandon ya faɗa, ashe maƙwabcina ya gano ɓarakar tun kafin a faɗa min. Har ganyen nan mai kunne uku da ake cewa Waliyyi Fatrik ya nuna wa mutanen Ayalan, wanda tsofaffinmu suka ji daga bakin fada-fadan Ayalan, wato limaman coci, da suka yi aiki a arewa, Baba bai ƙyale shi ba, ya ce murhu ne aka sa masa koren kaya.

Gaskiya ranar wasu sun fita ransu a ɓace, ɗaya ma ya ce an kwashe mana tabarma ba a ba mu kujera ba. Ni kam daɗi na ji, don ban taɓa ganin malamin addini ya yarda cewa misalan da muke ji da su gurgu ne ba.

A sati na biyu ya ba da kujerar. Ya rubuta abu uku a allo, Allah ɗaya ne ba uku ba, kowane cikin ukun cikakken Allah ne, sannan Uba ba shi ne Ɗa ba, Ɗa ba shi ne Ruhu ba. Ya fara da Maimaitawar Shari'a 6:4 don kowa ya san maganar Allah ɗaya ba a taɓa ta ba, sannan Matiyu 28:19, ya ce ku lura an ce a yi baftisma da suna, ba da sunaye ba. Abin da ya zauna min a kai shi ne yadda ya raba tambaya biyu, menene da wanene. In ka tambayi menene, amsa ɗaya ce, Allah. In ka tambayi wanene, amsa uku ce. Kuma bambancin ukun ba a girma ba ne ko a shekaru ko a iko, a dangantaka ne kawai, Uba shi ne mai haifa, Ɗa haifaffe, Ruhu mai fitowa. Ya ce wannan duk yana cikin babban littafin katikisim da aka fitar a 1992, daga sakin layi na 232 zuwa 267, mai Turanci ya je ya duba.

Sai muka zo kan matsalar da ni a ganina ita ce ainihin ciwon mai jin Hausa, kalmar mutum. Da yawa cikinmu mun saba cewa mutum uku cikin Allah ɗaya, to a Hausa in ka ce mutum uku ai kowa ya hango mutane uku zaune kan benci. Baba ya ce kalmar da magabata suka yi amfani da ita a Girkanci da Latin ba ta nufin ɗan adam mai jiki, kuma su ma sun sha wahalar ta kafin su daidaita, ba mu kaɗai ba ne. Haka kalmar Ɗa. Ya buga tebur ya ce duk wanda ya fita daga ajin nan yana tunanin Allah ya yi aure ya haihu to ya dawo a sake masa daga farko, haihuwar nan ba ta jiki ba ce, ba ta da rana ba ta da wata, babu lokacin da Uba yake babu Ɗa. Sannan Maryamu ba ta cikin ukun, muna girmama ta amma halitta ce. Wannan ya maimaita har sau uku saboda ya san shi ne abin da aka fi jifanmu da shi, kuma ya ce laifin wani lokaci namu ne da ba ma iya bayani.

Sati na uku da na huɗu ƙaramin Fada ne ya karɓa, da kwamfutarsa da firojekta, tarihi zalla. Nan ne na ji abin da ya sa na gyara zama, ashe rabin rigimar nan a Afirka aka yi ta. Wanda ya fara rubuta kalmar Triniti da Latin, Tartuliyan, mutumin Kartaj ne, Tunisiya ta yau, wajen farkon shekarun 200. Wanda ya tada ƙura kuma, Ariyus, fada ne a Iskandariya ta Masar, shi ya ce Ɗa halitta ne mafi girma amma akwai lokacin da babu shi. Rigima ta yi tsanani har Sarkin Rum Kustantin ya tara bishop-bishop a Nikiya a shekarar 325, garin yana Turkiyya yanzu ana ce masa Iznik, suka tsayar cewa Ɗa haifaffe ne ba halitacce ba, ainihinsa ɗaya da na Uba. Kuma ba wai daga nan kowa ya yarda aka watse ba fa, Atanasiyus wanda ya zama bishop na Iskandariya a 328 sau biyar ana korar sa daga kujerarsa saboda ya ƙi janye wannan magana. Sai a 381 aka sake zama a Kustantiniya, Istanbul ta yau, aka ƙara bayani kan Ruhu Mai Tsarki. Wato shaidar bangaskiyar da muke karantawa ranar Lahadi ido rabi a rufe muna tunanin shinkafar gida, daga wancan taron na Nikiya ta samo asali, a 2025 asalinta ya cika shekara 1,700. Ya kawo Waliyyi Agustin ma, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya rasu a 430, wanda ya ce a duba cikin zuciyar mutum, akwai tunawa da fahimta da nufi, uku ne amma rai ɗaya ne, kuma shi kansa bai ce misalin ya cika ba.

Yanzu ga inda zan rage musu maki, kuma da ƙauna nake faɗa.

Fada yana da ilimi ba ƙarya, amma gudu yake kamar wanda zai kama motar ƙarshe, kuma da ya ɗan ji daɗin magana sai ya sulale ya koma Turanci, iyayenmu mata a baya suna ta kallon juna. Maganar ko Ruhu daga Uba kaɗai yake fitowa ko daga Uba da Ɗa, wadda tana cikin abubuwan da suka raba mu da 'yan Otodoks, Kiristocin Gabas, a rabuwar 1054, cikin minti biyar ya shafe ta, na fita ban kama komai ba sai shekarar. Wani saurayi ya tambayi Yohanna 14:28 inda Yesu ya ce Uba ya fi shi girma, tambaya mai kyau wadda kowa ke haɗuwa da ita a waje, aka ce masa a bari sai sati mai zuwa, sati mai zuwan kuma aka manta. Sai da na bi Baba Katikis har bakin ƙofa ya ce min ɗana, Yesu Allah ne kuma mutum ne, a wajen yana magana ne ta fuskar mutuntakarsa, ka haɗa da Yohanna 10:30 ka karanta su tare. Amsar da ba ta kai minti biyu ba, me ya hana a ba kowa a aji?

Takardun da muka biya kuɗi kuma fotokwafi ne da tawada ta ƙare masa, shafi biyu ko da tabarau ba sa karantuwa, kuma kusan duka da Turanci alhali an sanar cewa ajin Hausa ne. Ba a taɓa farawa ƙarfe 5 ba, sai da rabi. Sau biyu aka ɗauke wuta babu mai a janareta, firojektan ya zama ado, muka ƙarasa da fitilar waya. Ga 'yan kwaya suna gwajin waƙa a ɗakin da ke jikinmu da ganga da kacau-kacau, Baba kuma muryarsa ba ta da ƙarfi, in ka zauna ta wajen taga rabin maganar waƙa za ka ji. Sannan akwai wani bawan Allah da ya mai da lokacin tambaya wa'azinsa na kansa, ba wanda ya iya tsai da shi.

Satin da ban je ba an ce kan addu'a aka yi, yadda a Mas ake miƙa roƙo ga Uba ta wurin Ɗa cikin Ruhu, matata ta je ta ce ya yi kyau. Na ƙarshe tambaya da amsa ne da zoɓo da cincin. A nan wata ta ce Baba ni fa har yanzu ban gane duka ba, ya ce ni ma haka 'yata, Ikilisiya asiri take kiran sa, ba ta ce lissafi ne da za a gama a rufe littafi ba, abin da na yi alkawari shi ne ki san abin da muke faɗa da abin da ba mu faɗa ba. A kan wannan alkawarin dai ya cika.

Na koma wajen maƙwabcina, wannan karon ban ɗauki ruwa ko ƙanƙara ba. Na ce masa ba ma cewa Allah uku, ba ma cewa Allah ya yi aure, Maryamu ba ta ciki, na ba shi maganar menene da wanene. Ya saurara har ƙarshe ya ce shi dai bai yarda ba, a wajensu Allah bai haifa ba kuma ba a haife shi ba, amma yau ya ji abin da muke cewa daga bakin mai shi ba daga bakin 'yan gari ba. Muka sha shayi, ya karɓi almakashinsa da na ara tun watan jiya.

Maki huɗu cikin biyar na ba su, uku da rabi na Baba Katikis ne. An ce za a sake yi ta yadda zai ƙare daidai Lahadin Triniti, wato Lahadin da ke bin Fentikos, bikin saukowar Ruhu Mai Tsarki. Mai zuwa ya zo da Littafi Mai Tsarki nasa na Hausa da biro, ya cika wayarsa da caji, ya kama bencin gaba nesa da taga, kuma kada ya kuskura ya rasa sati na farko.