The Office: Tsakanin na Birtaniya da na Amurka

Duk wanda ya taɓa aiki ƙarƙashin shugaban da ke ganin kansa gwanin barkwanci zai gane David Brent tun a kallon farko. Shi ne manajan kamfanin sayar da takarda a garin Slough cikin shirin barkwanci na talabijin The Office na Birtaniya, wanda BBC ta fara nunawa a 2001, kuma Ricky Gervais ne ya fito a matsayinsa, shi ne kuma ya rubuta shirin tare da Stephen Merchant. Gwanintar shirin tana cikin shirun da ke biyo bayan raha: Brent zai saki magana, ofis ya yi tsit, kyamara ta tsaya a kan fuskokin ma'aikata har kunya ta kama mai kallo. Kashi 12 ne kacal, sai na musamman biyu a Kirsimetin 2003, aka rufe tun da sauran armashi.

Na Amurka, wanda NBC ta nuna daga 2005 zuwa 2013, ya fara ne da kwaikwayo tsantsa, domin har tsokanar nan ta tsoma abin manne takardu cikin jeli sai da aka maimaita. A zango na biyu ne ya tsaya da ƙafarsa, inda aka sassauta halin manajan ofishin, Michael Scott, wanda Steve Carell ya fito a matsayinsa, ya zama sakarai mai kyakkyawar zuciya, aka kuma ba ƙananan ma'aikatan ofishin, wanda ke garin Scranton, fili. Na Amurkan ya fi daɗin kallo bayan gajiyar aiki, sai dai tun da Carell ya tafi a zango na bakwai ya koma lami. A wajen rubutu, na Birtaniya nake fifitawa.