Warwaron azurfa na 'yan Nabaho, bayan wata takwas a hannuna

Tunda 'yan uwa sun yi ta tambayata warwaron nan a wajen biki na ce bari dai in rubuta kowa ya gani. A Santa Fe na saye shi, jihar New Mexico ta Amurka, lokacin da na je wajen yayata da ta haihu. Akwai wani tsohon gidan gwamna a tsakiyar garin, a barandarsa 'yan asalin ƙasar suke baje kayansu a ƙasa, kuma ƙa'idar wurin sai abin da kai ko iyalinka kuka ƙera za ka sayar. Matar da na saya a wajenta 'yar ƙabilar Nabaho ce, su Dine suke kiran kansu, mijinta ne maƙerin, har ta juya min cikin warwaron na ga tambarinsa an buga a jikin azurfar.

Murjanin ne ya tsayar da ni wallahi. Ina ganinsa na tuna na Inna da take ɓoyewa a ƙasan adaka sai da sallah ake fito da shi, ja jawur ɗin nan mai sanyin ido. Ashe su ma ba a ƙasarsu ake samunsa ba, ai babu teku kusa da su, daga Bahar Rum 'yan kasuwa suke kai musu kamar yadda namu ya riƙa ratso Sahara a kan raƙuma. Ƙwaya biyu ne a gefe da gefe, a tsakiya kuma shuɗin dutsen nan da Larabawa ke ce wa fairuz, da jijiyoyi ruwan ƙasa kamar saƙar gizo, kin kalle shi da safe daban da yamma daban. Zanen jikin azurfar da guduma aka buga shi ɗaya bayan ɗaya, in kin matso da ido za ki ga wani ya ɗan fi wani nutsewa, ni wannan ya fi burge ni don inji ba ya haka.

To sai dai yana son kulawa sosai. Dutsen yana shan mai, na shafa humra a wuyan hannu wajen sau uku da shi a jikina, yanzu gefe ɗaya ya ɗan koma tsanwa kuma ba ya dawowa, abin ya min ciwo gaskiya. Tun daga nan sai na gama shafe-shafena nake saka shi, alwala da wanke-wanke kuwa cire shi nake. Azurfar tana dishewa amma tsumma mai laushi ya isa. Ƙananan haƙoran da suka riƙe dutsen ma sun taɓa jan min zaren mayafi. Sannan ta gefen hannu ake zura shi, in kina buɗe bakinsa kina matsewa dutsen zai iya girgiɗewa ya fita.

Mai son saya ta intanet ta kula, jabu ya yi yawa, roba ce ko farin dutse a rina shi shuɗi. Tun 1990 Amurka ta yi doka da ta hana a sayar da kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasar alhali ba su suka yi ba, don haka ki tambayi sunan maƙerin da ramin da aka haƙo dutsen, kamar Kingman na Arizona. Ni dai na riga na ce wa Yaya ta duba min zobe irinsa in za ta zo.